Wanda Zai Yanka Mana Bunsurun Kirsimeti

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Babangida,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, karatu yana shiga, kuma sanyin garin nan da ka ce yana ratsa ƙashi bai kayar da kai ba. Kullum da safe muna sa ka a addu'a, Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya haɗa ka da abokan kirki a makarantar nan ta koyon aikin fasto. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna. Kai ne ɗan fari, ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Ko a waya ka kira, daga "lafiya" sai "lafiya lau", sai in miƙa wa ƙanwarka Rifkatu. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka na tashi. To amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun ranar da ka tafi, kuma takarda ba ta kallon mutum cikin ido, saboda haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Maganar wa'azin nan ce da ka yi ranar Lahadin da ikilisiya ta yi maka addu'ar sallama. Ka yi wa'azi, wannan kam ba a magana. Ina zaune a layin zumuntar mata kaina ya kumbura, ina riga kowa cewa amin. Sai ka gangaro kan Kiristocin da suke jin kunyar bangaskiyarsu, ka kawo misalin masu kiran wanda ba Kirista ba ya yanka musu dabbar Kirsimeti. Ka tambaya ko hannunsu ne ba shi da tsarki, ko kuwa tsoron mutane ne ya fi musu tsoron Allah. Ba ka kira suna ba, ba ka kuma bukatar kira, domin duk cocin nan babu wanda bai san Baffanka na Aujara ne yake yanka mana bunsuru kowace shekara ba. Babanka yana zaune a kujerar dattawa, fuskarsa tana kallon jama'a. Da aka tashi ya zo ya riƙe hannunka da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara basira. Ina jin ka ɗauka bai gane da shi kake ba, alhali ya gane sarai.

Abin da ba ka sani ba shi ne, matasa sun ɗauki wa'azin a waya, aka yi ta turawa har ya isa Jahun, ya faɗa wayar Nasiru ɗan Baffanka, mai shagon takin zamani. Shi kuma ya kai wa mahaifinsa ya kunna masa. Bayan tafiyarka da 'yan makonni Baffanka ya aiko da saƙo cewa bana mu nemi wani mai yankan. Idan kuwa bai zo bana ba, ina tsoron shi da babanka sun gama cin abinci a kwano ɗaya ke nan har abada. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Bari in ba ka labarin da ya kamata a ce ka sani tun kana ƙarami. Kakanka manomi ne a wani ƙauye bayan Aujara. Bai yi salla ba, bai shiga coci ba, al'adar iyayensa ya bi har ya koma ga Mahaliccinsa. 'Ya'yansa maza biyu ne suka rayu. Babban ya musulunta yana saurayi, ya yi karatu a gaban malamai har shi ma ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa. Ƙaramin, wato babanka, ya yi jinyar ƙafa a wani ɗan asibitin mishan, a can ya ji bishara ya ba da gaskiya. Ba su yi faɗa ba, ba su zagi juna ba, sai dai kowa ya kama gabansa. Suka shekara da shekaru suna gaisawa kamar mutanen da suka haɗu a motar haya.

Babanka ya taɓa gaya mini cewa duk a cikin abin, ɗaya ne ya fi ci masa rai. Ya ce, "Ni da Yaya a akushi ɗaya muka tashi. In an sa nama, shi yake turo mini tsokar ta gefena. Sai ya zamana in ya zo gidana, ruwa kawai zai sha ya tafi." Da ya samu aiki a ma'aikatar gona a nan Dutse ya kama ɗaki, sai ya sayi ɗan bunsuru ya tafi Aujara ya durƙusa ya ce, "Yaya, ina da dabba, ba ni da mai yanka." Baffanka ya ce, "Hannunka fa?" Ya ce, "Hannuna yana nan, Yaya. So nake ka ci." Daga nan abin ya samo asali, tun ba a san za a auro ni ba.

Ni kuwa da aka kawo ni, da girman kaina na zo. Ka san 'yar mai bishara ce ni, a harabar coci aka haife ni, ga takardar koyarwa a hannu, ayoyi kuwa a bakina kamar ruwa. Shekarar farko na yi shiru saboda ina amarya. Ta biyu na yi gunaguni a madafa. Shekarar da nake goyonka na ce abin ya isa. Ranar Kirsimeti da sassafe babanka ya tafi tasha taryen wansa, ni kuma na aika aka kira mini samari biyu daga coci na ce su yanka. Kafin su iso an feɗe bunsuru, an rataye, har na ɗora kayan ciki a wuta.

Har yau ina ganin shigowarsu. Baffanka yana gaba da farar rigarsa, wuƙarsa naɗe cikin ƙyalle a hammata. Ya dubi naman da ke rataye, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, amarya." Ya zauna ya sha ruwa, ya karɓe ka ya sa maka albarka, ya ce yana da uzuri a gida, ya tashi tun rana ba ta take ba. Da na aika wa makwabtanmu Musulmi abinci, suka karɓi shinkafa da cincin, suka dawo da kwanon nama a rufe, da godiya da ban haƙuri. Na yi ta suya har hayaƙi ya sa ni hawaye, nama ya rasa mai ci.

Na shirya wa babanka tsaf. Na tanadi ayoyina, na jera hujjojina, ina jira ya buɗe baki in sauke masa. Mutumin nan ya dawo daga rakiya, ya wanke hannu, ya ci abinci, ya ce miya ta yi daɗi. Da yamma na kasa daurewa na ce, "Wai ba za ka ce komai ba?" Ya ce, "Kin yi abin da kika ga daidai ne a gaban Allah. Ni ne ban zaunar da ke na gaya miki dalili ba." Da ya yi mini faɗa da na ji daɗi, domin na san yadda ake rama faɗa. Wannan kuwa ban san inda zan kama shi ba.

Baffanka ya ɗauke ƙafa shekaru. Babanka bai fasa zuwa Aujara da goronsa ba, bai kuma taɓa cewa in je in ba da haƙuri ba, ko da wasa. Kowace Kirsimeti sai ya ce kaji sun ishe mu, ya saya a kasuwa a yanke. Ina kallo yana cin abinci shi kaɗai a tabarma, yana yi wa yara dariya, ni kuwa abin yana cina. Sai da na haifi Rifkatu na goya ta, na hau motar Jahun, daga can na nemi ta Aujara. Na durƙusa a bakin zaure, duk jawabin da na haddace a hanya ya gudu, sai kuka. Baffanka ya bari na yi mai isata, sannan ya ce, "Amarya, kin daɗe a hanya. Shiga ciki a ba ki fura." Har yau amarya yake ce mini, da furfurata da komai.

Ga abin da na koya, kai ma ka riƙe. Ayoyin da na tanada ranar nan babu na ƙarya a cikinsu, naka ma na ranar Lahadi haka. Gaskiya ne hannun babanka ba shi da wani aibi, kuma ko wa ya yanka, mu dai da godiya muke ci. Amma ni ban tsaya na tambayi abin da ya sa mutum mai hankali kamarsa yake yin abin da yake yi ba, na yanke masa hukunci daga madafa. Duk ranar da ka ga wani a ikilisiya yana yin abin da ya yi maka kama da rauni, ka je gidansa ka zauna a tabarmarsa ka tambaye shi tukuna, kafin ka hau da shi kan mumbari. Wanda ke kan mumbari shi kaɗai yake magana, na ƙasa ba shi da damar ya ce a'a, ba haka ba ne.

Kuskurena na biyu a kanka na yi shi. Tun kana ɗan firamare Allah ya ba ka baki da kai, ni kuma na mai da kai abin nunawa. Duk baƙon da ya zo sai na sa ka tsaya ka zuba masa ayoyi. Ka tuna addu'ar safe, yadda babanka yake karatu a hankali yana bin layi da yatsa? Wata rana ya yi tuntuɓe a wani dogon suna, ka gyara masa da ƙarfi, har da cewa, "Baba, ba haka ake faɗa ba!" Ni uwar banza sai na fashe da dariya, ina jin daɗi ɗana ya fi ubansa. Shi kuwa ya ce, "Na gode, malam," ya maimaita yadda ka faɗa, ya ci gaba. Ranar ya kamata in ja ka gefe in nuna maka abin da babanka ya yi, domin shi ne darasin safiyar, amma ban yi ba. Labarin bunsurun nan ma kunya ta hana ni ba ka, na bar ka ka girma kana ganin uwarka ce jaruma, ubanka kuma mai sanyi. Da ka hau mumbari ranar nan, maganata ta shekarun baya na ji tana fitowa daga bakinka.

Saboda haka ka yi hankali da inda za ka. Za a fara kiranka da sunayen girma tun gemunka bai cika ba. Tsofaffin da suka haifi kamar ubanka za su tashi su ba ka kujera, mata za su zuba maka abinci a kwano mafi kyau. Yana da daɗi, na ɗanɗana kaɗan da nake shugabar zumuntar mata, na san yadda yake hawa kai. Ka riƙa tambayar kanka yaushe rabon da wani ya gyara maka kuskure ka ce na gode. In ka ga an daɗe, ba wai ka daina kuskure ba ne, mutane ne suka fara jin tsoron gaya maka.

Ka ce tsoron mutane. To bari in gaya maka abin da idona yake gani kowace shekara, lokacin da kai kake can wurin wasan matasa. In muka dawo daga sujada, babanka yakan shimfiɗa wa wansa sabuwar tabarma a ɗakin baƙi, ya cika masa buta, ya ja masa ƙofa ya yi sallarsa ta azahar. Sannan a kawo tire ɗaya a ajiye a tsakaninsu. Babanka ya sunkuyar da kai ya yi godiya da murya a sarari cikin sunan Yesu, bai taɓa rage murya ba, bai taɓa haɗiye sunan ba. Baffanka ya jira shi ya gama, ya yi bisimillarsa, su sa hannu. Daga nan sai gardamar gero da dawa, da wanda ya fi wani iya huɗa suna yara. Ni dai ban ga mai jin kunyar Ubangijinsa a wurin nan ba. Na ga mutumin da ya yarda a ce masa rago, muddin ɗan'uwansa zai ƙoshi a gidansa.

Kada kuma ka ɗauka babanka kaɗai yake sunkuyawa. Baffanka malami ne mai almajirai manya, ana jin maganarsa a garinsu. Ka san irin abin da ake faɗa a bayansa, malam guda ya hau mota ranar bikin Kirista ya tafi Dutse. Matarsa, Innarku, ta gaya mini an taɓa tare shi da maganar bayan sallar Juma'a, ya ce, "Ni gidan ƙanena na je. Wanda ba shi da ƙane ya zauna a gida." Kuma babu babbar sallar da ta wuce ba a kawo mana cinya guda daga ragonsa ba, ka ci ta ka san daɗinta. Na daɗe ina ɗauka mu ne muke yi masa alheri da muke kiransa. Sai da na tsufa na gane mu ma karɓa muke yi, kuma karɓar ta fi yi mini wuya.

Da saƙonsa ya iso, babanka ya bari aka gama yankan gero, ya ce in shirya mu je. Mun tarar da zauren cike da mutane. Babanka, dattijon ikilisiya, mai ritaya, mai ciwon gwiwa, ya tuɓe takalmi tun daga waje ya tsuguna a ƙasa a gaban wansa, ni ina bayansa. Ya ce, "Yaya, na zo ba da haƙuri. Yaron bai san komai ba, ni ne ban gaya masa ba. Laifina ne." Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, domin na san laifin wa ne.

Baffanka ya sallami mutane. Ya sa Nasiru ya sake kunna wa'azin, muka saurara mu duka har ƙarshe, babu mai motsi. Da ya ƙare ya ce, "Muryar babanmu ce sak. Shi ma in ya ɗauki magana ba ya waiwaye." Har ya yi 'yar dariya. Sannan ya ce, "Tashi ka zauna, gwiwarka. Ni ban yi fushi da kai ba, ban yi fushi da yaron ba. Amma ba zan riƙa shiga gidan da zuwana yake sa ɗa ya ji kunyar ubansa ba. Gobe gidan nasa ne. In shi ya zo da ƙafarsa ya kira ni, zan zo. In bai zo ba, Allah ya yi masa albarka, ya ba shi sa'ar karatu."

A mota muna dawowa na ce bari in kira ka a waya yanzu-yanzu in gaya maka ka zo. Babanka ya ce a'a. Ya ce in umarni aka ba ka za ka je, domin kai yaro ne mai biyayya, amma Yaya zai gane aiko ka aka yi tun daga sallamarka. Ya ce a bar ka da Allah, shi da ya fara aiki a cikinka bai gama ba. Da muka kusa shigowa Dutse sai ya ce, yana kallon taga, "Idon Yaya ya fara rauni. Ban san Kirsimeti nawa ta rage mana ni da shi ba." Shekarunmu tare masu yawa, ban taɓa jin ya yi irin wannan maganar ba.

Ni ban kai shi haƙuri ba, shi ya sa na rubuta. Na gaya masa zan rubuta, ya ce in dai labari zan ba ka ba umarni ba, babu laifi. To ga labari na ba ka. Ba na cewa ka janye bangaskiyarka ko da ƙwayar gero, Baffanka ma ba abin da ya nema ke nan ba. In an ba ku hutu kuma zuciyarka ta ba ka, ka wuce Jahun kafin ka shigo gida, motocin Aujara suna nan a tasha. Ka tuɓe takalmi daga waje. Kada ka fara da bayani, na san ka da bayani, ka fara da gaisuwa ka tambayi idonsa da gonarsa. In ya yi faɗa ka bar shi ya gama. Sauran maganar gajeriya ce, ni ma da kuka kawai na yi tawa aka karɓa.

Na tambayi babanka ko yana da saƙon da zan sa maka. Ya ce in ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, kada karatu ya hana ka barci. Shi ke nan saƙonsa. Amma bari in ƙara maka da abin da bai ce in faɗa ba. Ya sa Rifkatu ta tura masa wa'azin nan a wayarsa. Duk baƙon da ya zo, ko abokan aikinsa na da, ko makwabcinmu Alhaji mai gyaran adaidaita, sai ya zaunar da shi ya kunna masa, yana murmushi yana gyaɗa kai yana cewa, "Ɗana ne, yana makarantar fasto." In an kusa zuwa wurin maganar yankan nan sai ya sa yatsa ya tsayar, ya ce sauran sai wani lokaci. Jiya ma ya kunna wa mai kawo mana ruwa.

Ubangiji ya tsare ka a makaranta, ya tsare ka a hanya, ya raba ka da sharrin mota da na dare. Ya ba ka ilimi mai amfani da zuciya mai taushi, ya sa ka fi mu, ya kuma dawo mana da kai lafiya ta kowace hanya ka biyo. Alherin Ubangijinmu Yesu ya kasance tare da kai. Amin.

Ni ce,
Mahaifiyarka.